An ce cikina mai haɗari ne, ni kuwa lafiyata ƙalau: amsar likitar mata

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 37, wannan ne cikina na biyar, yanzu satinsa 11. Uku na farko da kaina na haife su ba wata matsala. A na huɗun, shekara uku da suka wuce, jinina ya hau ina sati 33, fuskata da hannuwana suka kumbura, aka ba ni gado, daga baya aka yi mini aiki aka ciro yaron bakwaini. Alhamdu lillahi ya rayu. Wannan karon da na je awon farko an ce jinina daidai yake, amma duk da haka nas ta yi alama a katina, ta ce cikina mai haɗari ne, likita zan riƙa gani, aka kuma rubuta mini asfirin in riƙa sha kullum. Ni ba abin da ke damuna sai ɗan laulayi. Wata ta ce mini asfirin yana tsinka jini, yana sa ɓari, shi ya sa ban fara sha ba. Abin da ya same ni zai dawo? In sha maganin? Zan iya haihuwa da kaina, ko dole a sake aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya raya yaron.

Maganar asfirin ce ba ta jira, don haka da ita zan fara. Ki sha. Daga sati 12 ake so a fara, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara kafin sati 16. Kwanakin da kika yi ba ki sha ba ba su ɓata komai ba tukuna, amma in kika ƙara wata guda ko biyu kina shawara da mutane, lokacin da maganin ya fi aiki zai wuce ki. Abin da kawai zai sa in ce ki dakata ki koma wurin wanda ya rubuta miki shi ne idan asfirin ya taɓa tayar miki da ƙuraje ko asma, ko kina da gyambon ciki mai zubar da jini, ko wata cuta da ke hana jininki daskarewa. In babu ko ɗaya a ciki, ki fara yadda aka rubuta.

Alamar da nas ta yi a katinki ba ta nufin ta ga wata cuta a jikinki yau. Lissafi ne da muke yi daga tarihin mace, don mu san wadda awon yau da kullum ya ishe ta da wadda sai an ƙara sa mata ido. Mai ciwon suga tana shiga wannan sahu, haka mai sikila, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai ɗauke da tagwaye, yarinyar da ba ta gama girma ba, da wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai. Ke abubuwa uku suka sa ki ciki: hawan jinin da ya sa aka ciro yaro kafin lokacinsa, tabon aikin da ke jikin mahaifarki, da shekarunki da suka haura 35. Na farkon ne babba, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Abin da ya same ki a cikin baya, a asibiti muna kiransa firi-iklamsiya. Shi ne share fagen jijjigar masu ciki, wadda wasu ke cewa taune-taune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu juna biyu. Mutane suna ɗaukarsa hawan jini ne kawai, alhali tushensa yana cikin mabiyiya. A watannin farko mabiyiya tana kafa kanta a bangon mahaifa, tana kutsawa cikin wasu ƙananan jijiyoyin jini na uwa, tana buɗa su su yi faɗi yadda jini zai kwarara wa ɗan tayi a yalwace. Galibin wannan aiki yana ƙarewa kafin sati 20. A wasu matan aikin ba ya cika, jijiyoyin su zauna a tsuke. A lokacin ba a jin komai, don ɗan tayin ƙarami ne, ɗan jinin da ke wucewa ya ishe shi, kamar siririyar magudanar da ta ishi fangali ɗaya amma ta kasa da aka faɗaɗa lambun. Sai ciki ya tsufa, buƙata ta ƙaru, mabiyiya ta galabaita, ta fara zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa masu lalata shimfiɗar cikin jijiyoyin jini a ko'ina. Jijiyoyin su tsuke, jini ya hau. Ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari. Ruwa ya fita daga jijiyoyi ya taru a fuska da hannuwa, wani lokaci har huhu. Hanta ta kumbura. Ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa su ragu. In ya kai ga ƙwaƙwalwa, jijjiga ke nan.

In kin riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi. Ana fara asfirin da wuri ne don ya tarar da mabiyiya tana kan kafuwa. Jininki da aka auna daidai a sati 11 labari ne mai daɗi, don ya nuna wancan hawan jinin bai zauna miki ba, amma bai ce komai ba game da watan bakwai da takwas, tunda cutar ba ta bayyana sai bayan sati 20. Kuma jinin kowace mai ciki yana ɗan sauka a tsakiyar goyon ciki, don haka in kika je awo a wata biyar aka ce miki jini ya yi kyau sosai, ki gode wa Allah, amma kada ki ajiye maganin a kan haka.

Zai dawo? Ba wanda zai ce miki i ko a'a yau. Alƙaluman da hukumar NICE ta Birtaniya ke ba likitoci sun nuna cewa a dunƙule, mace ɗaya cikin shida da suka taɓa yin cutar tana sake yi, amma idan ta kai an haifi yaron tsakanin sati 28 da 34, kamar ke, kusan ɗaya cikin uku ce. Ba ƙaramin adadi ba ne, ba zan rage miki shi ba. Ɗaya gefen kuma, biyu cikin ukun suna wucewa ba tare da ta dawo ba, kuma asfirin yana ƙara karkatar da lissafin wajenki. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, mai suna ASPRE, an ba mata masu haɗarin cutar miligiram 150 na asfirin kowane dare daga wajen sati 12 har zuwa 36, sai aka ga irin cutar da ke tilasta haihuwa kafin lokaci ta ragu da kashi 62 cikin 100. Irin naki ke nan.

Wadda ta ce miki yana tsinka jini ta ji wani abu mai kama da gaskiya. Asfirin yana rage manne wa juna da ƙwayoyin daskarar da jini ke yi, kuma wannan ne ma ake nema a jijiyoyin mabiyiya. Sai dai abin da ake ba mai ciki tsakanin miligiram 75 ne zuwa 150 a rana, ƙasa da wanda ake sha don ciwon kai nesa ba kusa ba. An gwada wannan ɗan ma'auni a kan dubban mata shekara da shekaru, bai sa ɓari ba, bai nakasa jarirai ba. Ki riƙa sha da dare, bayan kin ci abinci, har zuwa sati 36 ko ranar da likitanki ya ce ki tsaya. Masu haɗarin gaske su ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye ba takarda: suna taɓa ƙodar ɗan tayi, suna rage ruwan da yake ciki, suna kuma iya ɗaga jininki. In ciwo ya dame ki, farasitamol ne naki. Ki kuma tambayi likita ko za a haɗa miki da kalsiyam, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana ga matan da ba sa samun isasshe a cimarsu. In an ba ki, kada ki haɗiye shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, suna hana juna shiga jiki. Ki bar 'yan awoyi a tsakani.

Yanzu ga abin da na fi so ki tafi da shi. Kin ce ba abin da ke damunki, kuma na yarda. Matsalar ita ce wannan cuta tana iya yin nisa mace tana jin kanta garau, tana aikinta, tana cin abincinta. Ciwon kai da sauran alamu a makare suke zuwa. Abin da ke kama ta da wuri awo ne, na jini da na fitsari, kuma shi ya sa ake kiranku akai-akai har ku gaji da mu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiyayyen ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Ke za ki wuce haka: daga wata shida zuwa bakwai za a iya ce miki duk sati biyu, can gaba duk sati. A awon farko-farko ki tabbata an yi miki gwajin ƙoda da hanta da ƙwayoyin jini, ko da lafiya kike, don ranar da aka yi shakka a sami abin kwatantawa.

In da hali, ki mallaki na'urar awon jini ta gida, ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Yadda ake awon yana canza sakamakon sosai. Ki zauna a kujera bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ki huta minti biyar. Ki zare hannun riga, ki ɗaura a fatar damtse, ki ɗora hannun kan wani abu daidai tsayin ƙirjinki. Kada ki yi magana na'urar tana aiki. Ki auna sau biyu, minti ɗaya a tsakani, ki rubuta da kwanan wata a littafin da za ki riƙa zuwa da shi awo. Idan damtsenki mai kauri ne ki nemi maɗauri babba, don ƙarami yana nuna jini ya hau alhali bai hau ba. Lambobi biyu za ki haddace. In na sama ya kai 140 ko na ƙasa ya kai 90, ɗaya daga ciki ya isa, a ranar za ki je asibiti a duba fitsarinki. In ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, a wannan sa'ar za ki tafi, ko tsakar dare ne, ko ba kya jin komai, don a nan ne jijiyar ƙwaƙwalwa ke iya fashewa.

Alamun da ba a kwana da su: ciwon kai mai nauyi da farasitamol bai taɓa shi ba, gani dishi-dishi, ko ganin walƙiya da ɗige-ɗige, kumburin fuska da hannuwa da ya zo farat ɗaya, ki tashi da safe idanu sun cika, zobe ya ƙi fita, numfashi sama-sama musamman in kin kwanta, fitsari ya ragu ƙwarai. Kumburin ƙafa shi kaɗai da yamma, yawancin masu ciki suna yi, bai isa hujja ba. Wadda ta fi yaudarar mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya, ita ce ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a tsakiyar ƙirji, da tashin zuciya ko amai. Mace za ta zo tana dafe da wajen da tafin hannu, ta ce olsa ce ta tashi, ta sha maganin ƙwannafi tun jiya bai yi ba. A mai tsohon ciki, wannan ciwo hanta ce har sai gwaji ya wanke ta. Duk wanda zai ba ki maganin olsa bayan wata biyar bai auna jininki ba, ki ce masa don Allah ya auna tukuna.

Mutanen gidanki su ma su san abin yi in jijjiga ta zo, Allah ya kiyaye. A kwantar da mace ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni, kada a tura mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko wani abu, kada a danne ta. Yawanci tana lafawa cikin minti ɗaya zuwa biyu, kuma da ta lafa a ɗauke ta zuwa asibiti, don wata tana tafe. Maganin da ke hana jijjigar allurar magnesiyam salfet ce. Gwajin Magpie na 2002, da aka yi kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Mai yiwuwa an yi miki ita a wancan karon: ita ce mai sa zafi ya game jiki kamar an lulluɓe mutum, in kuma a ɗuwawu aka yi tana da ciwo. Nas za ta riƙa zuwa tana ƙwanƙwasa miki gwiwa da ɗan guduma, tana ƙirga numfashinki, tana duba yawan fitsarin da ya taru a leda. Ba takura ba ce, da waɗannan ukun ake gane ko maganin ya yi yawa a jiki.

Idan jinin ya hau, akwai magungunan da suka dace da ciki: metildofa, nifedifin da labetalol su ne aka fi bayarwa. Waɗanda sunansu a jikin kwali ke ƙarewa da "pril" ko "sartan", irin su lisinopril da losartan, suna cutar da ɗan tayi, don haka kada ki ari na wani ko ki koma kan wani tsoho da ya rage miki. Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta fara magani, jini ya sauka, ta ɗauka ta warke ta daina zuwa. Maganin yana kare ƙwaƙwalwarki ne daga bugun jini, bai taɓa mabiyiya ba, cutar tana ci gaba a ƙarƙashi. Ba ta fara janyewa sai an haihu mabiyiya ta fita. Duk aikinmu a tsakani auna abu biyu ne: kowace rana da yaro ya ƙara a ciki riba ce gare shi, amma tana iya zama asara gare ki. In cutar ba ta tsananta ba, ana lallaɓawa zuwa sati 37 a haihu. In ta tsananta, ba a cika wuce sati 34 ba, in kuma ran uwa ko na ɗa ya shiga haɗari, ba a duba sati. Idan ana ganin haihuwa za ta zo kafin sati 34, ana yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun jariri. Kwanciya a gado wuni guda da daina cin gishiri kwata-kwata, da ake yawan ba mata shawara, ba su hana cutar ba. Doguwar kwanciya ma tana jawo gudan jini a jijiyar ƙafa. Ki ci gaba da zirga-zirgarki daidai ƙarfinki.

Mabiyiyar da ke ɗaga jinin uwa ita ce kuma ke ciyar da ɗa, shi ya sa za a riƙa tura ki hoton ciki fiye da sauran mata. In ba a yi miki na farko ba, ki yi kafin sati 14, don shi ne ke ba da sahihin lissafin kwanakin ciki, kuma duk shawarar da za a yanke daga baya a kan wannan lissafi take. Na wajen sati 20 yana duba halittar yaro da inda mabiyiya ta zauna. Daga sati 28 ana duba girmansa, yawan ruwa, da yadda jini ke gudana a cibiya. A gida kuma ke ce mai sa ido: ki san yadda ɗanki ya saba motsi. Zancen cewa yaro yana rage motsi in haihuwa ta matso don wuri ya yi masa kaɗan ba gaskiya ba ne. In motsi ya ragu ko ya canza, a ranar za ki je, kada ki bari sai gobe. Daga sati 28 kuma ki riƙa kwanciyar barci ta gefe, ba rigingine ba.

Sai batun haihuwa da kanki. Ƙofar a buɗe take. Wajen mata uku cikin huɗu masu tabon aiki ɗaya da suka gwada naƙuda suna haihuwa da kansu, kuma ke da kika taɓa haihuwa uku lafiya damarki ta fi haka. Haɗarin shi ne tabon ya tsage ana naƙuda, abin da ke samun kusan ɗaya cikin 200. Amma a naki akwai tambayar da sai an amsa tukuna. Aikin da aka yi a sati 33, wani lokaci ƙasan mahaifa bai gama buɗewa ba, sai likita ya tsaga ta a tsaye ta sama. Irin wannan tabo ya fi saurin tsagewa, ba a barin mai shi ta yi naƙuda. Tabon da kike gani a fatar cikinki ba ya faɗin yadda aka yanka mahaifa. Na waje yana iya zama a kwance na ciki a tsaye. Ki koma asibitin da aka yi aikin tun yanzu ki nemi a rubuto miki bayanin tiyatar. Abu na biyu, in jinin ya hau aka ga dole a haihu kafin naƙuda ta zo da kanta, tayar da naƙuda a kan tabo yana ninka haɗarin tsagewa sau biyu zuwa uku, kuma a nan likitoci da yawa za su zaɓi aiki, ni ma haka zan yi a mafi yawan lokuta. In komai ya tafi daidai amma aka tsayar da shawarar aiki, sati 39 ake sa wa. Ko ta wace hanya, wurin haihuwarki asibiti ne mai ɗakin tiyata dare da rana, da jini a ajiye, da sashen kula da bakwaini. Kada ki zauna a gida ki ce sai naƙuda ta kankama, kuma kada ki yarda kowa ya ba ki wani abu na ƙara ƙarfin naƙuda a wajen asibiti.

Tabon yana da wani abin lura: mabiyiya tana iya sauka ƙasa ta rufe bakin mahaifa, ko ta manne cikin tabon. In hoton sati 20 ya nuna tana ƙasa, ana sake dubawa wajen sati 32, kuma galibi an tarar ta ɗaga. Jinin da ya zubo miki ko kaɗan ne, da ciwo ko ba ciwo, na asibiti ne. Wanda ya zo da ciwo mai tsanani ciki ya yi tauri kamar dutse, sau da yawa mabiyiya ce ta ɓalle kafin lokaci, kuma masu hawan jini ya fi samu.

Zubar jini ita ce kan gaba wajen kashe mata a haihuwa a duniya, hawan jini na biye, kuma mace mai ƙarancin jini ɗan abin da za ta zubar ya isa ya kayar da ita. Ki sha maganin ƙarin jini da folik asid ba fashi, ko da ya sa bayan gida ya yi baƙi. Ki tambayi lambar yawan jininki, wato himogulobin, ba ta hawan jini ba: ƙasa da 11 ƙaranci ne, ƙasa da 7 mai tsanani ne. Ki san rukunin jininki, in nagetif ne akwai allurar da ake yi a ciki da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa. Saboda shekarunki a yi miki gwajin suga tsakanin sati 24 da 28, wanda ake zuwa ba a karya ba a sha ruwan sukari a jira awa biyu. In a inda kike akwai zazzaɓin cizon sauro, ki karɓi maganin rigakafin da ake ba masu ciki, ki kwana cikin gidan sauro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk abin da kike sha, kowane iri ne, ki faɗa wa likita.

Da yawan matan da muke rasawa, ba maganin ne babu ba. Lokaci ne ya ƙure, ko wajen yanke shawarar tafiya, ko a hanya, ko a bakin asibiti ana neman jini da mai sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zo da maigidanki awo ko sau ɗaya ne ya ji da kunnensa. Ku tsayar da motar da za ta kai ki da dare, da wanda zai zauna da yara, da mutum biyu masu jini irin naki da suka yarda su bayar. Ku yi magana a fili cewa in alama ta zo ba ya nan, za ki tafi ba sai an same shi a waya ba. Katin awonki kuma ya zauna cikin jakar da kike fita da ita.

Bayan haihuwa kada a ce an gama. Jini yakan fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida, lokacin da yawanci an riga an sallami mai jego, kuma jijjiga tana iya zuwa a kwanakin nan, har cikin sati shida na farko. Ki ci gaba da awo a gida, kuma ciwon kai ko dishi-dishi a jego hukuncinsa ɗaya da na lokacin ciki. In kina kan metildofa, ana canza shi cikin kwana biyu da haihuwa don yana iya jawo baƙin ciki da damuwa. Nifedifin da labetalol ba sa hana shayarwa. A awon sati shida a sake duba jini da fitsari, ku kuma yi maganar tazara, don mahaifa mai tabo tana buƙatar hutu, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar shekara biyu kafin wani ciki. Daga nan, tunda matan da suka yi wannan cuta sun fi sauran mata kamuwa da hawan jini mai zama da ciwon zuciya a gaba, ki riƙa auna jininki aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba kya da ciki, kuma duk likitan da kika gani, ko na me ne, ki gaya masa an taɓa ciro miki yaro a sati 33 saboda hawan jini.